Auren Ƙariya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na gare ki.

To ku gyara zama, mai waya a hannu ya kife ta. A cikin birni aka yi wannan, unguwar Koki, gidan Malam Jibrin mai turare, ranar wata Juma'a da bazara ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi.

"Yaron nan na Kabuga," in ji Malam Jibrin, "ki cire shi daga ranki. An yi bincike, binciken bai yi kyau ba."

Sa'adiyya tana durƙushe a gabansa, ko hijabin da ta dawo da shi daga makarantar da take koyarwa ba ta cire ba. Ita ce autarsa, shekarunta ashirin da biyar, kuma tunda aka haife ta bai taɓa yi mata magana yana kallon bango ba sai ran nan.

"Abba, me aka ce ya yi?"

"Ba maganar da uba zai yi da 'yarsa ba ce."

"Abba, don Allah ko a kunnen Umma ka faɗa. Wanda za a yanke wa hukunci ai akan gaya masa laifinsa."

"Babanku Ado da ƙafarsa ya je, da kunnensa ya ji. Yayana ne, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Nan da sati huɗu iyayen yaron za su dawo jin amsa, zan ba su haƙuri su tafi da goronsu. Ban ce ki auri wani ba, ban taɓa yi wa 'ya tilas ba, ba kuma a kanki zan fara ba. Amma shi dai a'a. Kada ki kira shi, kada ki je inda yake, kada kuma in ƙara jin sunansa a gidan nan. In na ji, ban yafe ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Yaron da ake magana sunansa Nazeer. Lambun fulawa gare shi a bakin titi, da ka fita Ƙofar Kabuga kaɗan. A nan Sa'adiyya ta same shi shekara biyu da suka wuce, ta je sayo dashen da za a sa a farfajiyar makarantarsu. Ta tarar da shi a tsugune da reza a hannu, ko ɗago kai bai yi ba sai da ya gama abin da yake yi. Wannan rashin ɗago kan, in ji ta, shi ya fara kama ta.

Abu ɗaya ya taɓa ba ta kyauta, wata 'yar tukunya da ƙaramin itace a ciki, mai farin fure ninki-ninki kamar an naɗe rawani. Tana nan a bakin tagar ɗakinta.

Ran nan a gaban tukunyar ta zauna ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ta aika masa saƙo ɗaya tak: "Abba ya hana. Ban san dalili ba. Ba zan saɓa masa ba, ba kuma zan bar ka ba. Ka yi shiru, ka yi addu'a." Ta kashe wayar, ta kai wa mahaifiyarta ta ce ta ajiye mata.

* * *

Kwana uku da yin haka, da la'asar, aka ce ana sallama da Sa'adiyya a soro. Ta fito ta tarar da Mikail, ɗan ƙanen matar Baba Ado, mai shagon atamfa. Ya sha shadda har tana ƙara, ƙamshinsa ya cika soron, ga wani ƙaton kwando a gefensa cike da fulawar roba, ja da rawaya.

"Ranki ya daɗe, Malama. An ce mini ke ma'abociyar fulawa ce, shi ne na ce bari in kawo wadda ta fi ta kowa. Wannan ba ruwanta da ruwa, ba ruwanta da rana, ba ta mutuwa."

"Ai ba ta raye, Alhaji. Ta ina za ta mutu?"

Ya yi dariya, don ba mai saurin fushi ba ne. Ya leƙa ta ƙofar soro ya hango tsakar gida.

"Wancan itacen mai ƙaton gindi kamar tulu, me kuke yi da shi? Ba ganye, ba inuwa. Da ni ne sai in sa a tumɓuke shi a shimfiɗa tayil."

"Kakata ce ta dasa."

"Au! Allah ya jiƙanta. Na janye."

"Alhaji Mikail, in tambaye ka tsakani da Allah? Kai ka ga dama ka zo, ko turo ka aka yi?"

Ya sosa ƙeya.

"Gwaggo ce ta ce fili ya samu, in hanzarta kafin a riga ni."

"To ka gaida Gwaggo, ka ce mata filin da mai shi. Kai mutumin kirki ne, ba na so ka ɓata shaddarka a soron nan."

Ya tafi, amma ya bar kwandon, wai kaya in sun shiga gida ba sa komawa.

Shi wannan itace na tsakar gida, bari in gaya muku labarinsa, don shi ne uwar maganar. Marigayiya Hajiya 'Yardada, mahaifiyar Malam Jibrin da Baba Ado, ita ta zo da shi daga ƙauyensu tana amarya, ta dasa shi kusa da randa. Da ruwan alwalarta ta raine shi. Gindinsa kumbure, rassansa kamar yatsu, da rani sai ya zubar da ganye ya fitar da fure mai ruwan hoda, fal a jikinsa. A gidan ba a kiransa da komai sai itacen Inna. Shekara tara da rasuwarta, Malam Jibrin bai taɓa bari ko tsumma an shanya a kansa ba.

* * *

Ranar da aka cika sati, Umma, wato Hajiya Hadiza, ta shigo ɗakin Sa'adiyya da kwanon fura, ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gado. Ita ma idanunta sun yi ja.

"Auta, ki sha ko kaɗan ne. Kin rame kamar ba ke ba."

"Umma, ba yunwa ke damuna ba. A ce an raba ka da mutum, ba a ce maka ga abin da ya yi ba! In ɓarawo ne a ce mini ɓarawo ne, in mashayi ne a ce mini mashayi ne, sai in yi kukana na gaskiya in haƙura. Shekara biyu ban taɓa ganin lokacin salla ya wuce shi ba. Ban taɓa jin ya zagi ko mai cinikin da ya raina masa kaya ba."

"Mutum ai ba a gama saninsa, 'yar nan."

"To ki gaya mini abin da ban sani ba."

Umma ta share hawaye da bakin zane. Ta kalli ƙofa, ta rage murya.

"Da ƙyar na tatso shi daga bakin Abbanku. Babanku Ado ya je Kabuga, ya sami wani dattijo mai lambu kusa da nasa, ya ce masa, Malam, yaron nan Nazeer wane irin mutum ne? Sai dattijon ya washe baki, ko kunya babu, ya ce ai duk layin nan ba wanda ya kai shi iya auren ƙarya."

Sa'adiyya ta ɗago kai.

"Auren me?"

"Na ƙarya. Wai yau ya ɗaura, bayan sati uku ya kwance. Wai har gidajen manya ake zuwa da mota a ɗauke shi, matan gidan ne ma ke aikowa a kira shi. Wai bana kaɗai ya yi ya fi ɗari. Babanku Ado ko ƙarshen zancen bai tsaya ji ba, ya karkaɗe rigarsa ya taho yana salati. Irin auren nan ne na kisan wuta, Auta, wanda ake yi don matar da aka yi wa saki uku ta samu ta koma. Allah ya tsine wa mai yinsa."

"Umma, mutum ɗaya, aure ɗari a shekara?"

"Ni ma haka na ce. Abbanku ya ce ƙila wasu yake ɗaura wa."

Sa'adiyya ta kife fuska a tafin hannunta. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Umma ta miƙa hannu za ta rarrashe ta, sai ta ga ashe dariya take yi, dariya har da faɗuwa kan filo, hawaye na zuba.

"Innalillahi! Auta! Auta, dawo hayyacinki! Kada ki haukace mini a kan namiji!"

"Umma, lafiyata ƙalau. Zo ki gani."

Ta ja ta bakin taga ta nuna mata itacen Inna.

"Kin san sunan itacen can?"

"Itacen Inna mana."

"Sunansa na gaskiya ƙariya. In baki ya yi sauri sai ki ji kamar an ce ƙarya. Wannan ta cikin tukunyar tawa ita ma ƙariya ce, sai dai furenta fari ne. Masu lambu sukan yanki reshen wata su ɗora a kan wata, su ɗaure har su zama jiki ɗaya. Wannan shi suke kira aure. Mangwaron da kike aika a sayo miki, mai ƙaramin ƙwallo, me ake ce masa?"

Umma ta zaro ido.

"Ɗan aure," ta ce a hankali. Ta dafe ƙirji. "Wayyo ni Hadiza! Ashe itace! Tashi, tashi mu je wurin Abbanku yanzun nan."

"Mu ce masa me? Ya ce in ya ƙara jin sunan bai yafe ba. Kuma in na ce Baba Ado bai ji daidai ba, a kunnen Abba na ce yayansa maƙaryaci ne. Kin san shi a kan yayansa."

Umma ta koma ta zauna. Ta sani sarai.

"To yaya za a yi?"

Sa'adiyya ta dubi 'yar tukunyarta, ta dubi itacen Inna. Ta ɗauki kwanon furar ta shanye tas.

"Umma, kina da sabuwar reza?"

* * *

Da hantsin Asabar Malam Jibrin yana zaune a kan tabarma a inuwar rumfa yana shan kunu, sai ga Sa'adiyya ta fito da tukunyarta, da reza, da farar leda da ta yayyanka siri-siri, da tsumma mai tsabta. Ta gaishe shi, ta wuce gindin itacen Inna ta tsuguna.

Sau da yawa ta ga Nazeer yana wannan aiki, yana yi yana surutu kamar mai koya wa ɗalibi. Yanka ɗaya, ban da gurzawa. A goge ruwan da ya fito, a kula kada ya taɓa ido ko baki, don dafi ne da shi. Yanka ya zauna kan yanka ba iska a tsakani. Amma gani daban, yi daban.

Ta yi bismilla, ta fille kan reshe ɗaya na itacen Inna.

Ludayin kunu ya tsaya a hannun Malam Jibrin.

"Ke!"

Ba ta juya ba. Ta yanko guntun reshe daga tukunyarta, tsawon gaɓar yatsa, mai ido biyu. Ta goge, ta ɗora, ta lulluɓe da leda, ta naɗe. Kafin ya nemo takalmansa ta fille na biyu.

"Sa'adiyya! Kanki ɗaya kuwa? Itacen Inna kike wa haka da reza?"

Ya iso kanta. Umma tana bakin ƙofar kicin, ta haɗa hannu a ƙirji. Sa'adiyya ta gama ɗaure na uku, ta ajiye rezar, ta juyo ta durƙusa.

"Ka gafarce ni, Abba. Aure na ɗaura mata."

"Kika me?"

"Aure. Sunan itacen nan ƙariya. Wannan aikin masu lambu suna ce masa auren ƙariya. Yau na ɗaura, bayan sati uku zan kwance."

Kurciya ce kawai ke kuka a kan katanga.

Malam Jibrin ya dubi rassan nan uku da aka naɗe wa kai da leda. Leɓensa ya motsa. Shi dai ya tuna wata murya, ta tsohuwa, tana cewa yara su matsa da ƙwallonsu kada su karya mata ƙariyarta. Shekaru nawa rabonsa da jin kalmar!

"Wa ya koya miki?" ya ce.

"Abba, ka ce kada in ambaci sunansa."

Umma ta toshe baki da mayafi ta shige kicin.

Malam Jibrin ya sake duban rassan. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka, amma ba ta yi laushi ba.

"Na ji abin da kike so in ji. Sai dai magana ba ta da wuyar juyawa, mai so ya fi kowa iya juya ta. Yayana ya kawo tasa, kin kawo taki. Ba zan tsaya gaban yayana in ce 'yata ta ce ba. Kin ce itace na aure. To ranar da mutanen za su zo, sati uku ba kwana ɗaya ke nan. In ya kama, itacen ne zai yi magana, ba ke ba, ba ni ba. In kuwa kin kashe mini rassan Inna a banza, amsar da na shirya ita zan bayar."

"Na yarda, Abba."

Ta faɗa da ƙarfin zuciya. Amma da ta koma ɗaki ta kalli tukunyarta, wadda ta rage dungu uku ba fure ko ɗaya, sai da ta zauna ta rufe fuska.

* * *

Kwana takwas komai lafiya. A na tara, ta dawo daga makaranta ta ga ɗaya daga cikin ɗaurin ya yi baƙi a cikin leda. Ta taɓa, ya yi lugub kamar ruɓaɓɓen tumatir. Bayan kwana biyu na biyun ya bi shi.

Saura ɗaya.

Ta rasa inda ta kuskure. Ga waya a akwatin Umma, kira ɗaya zai warware mata, amma ta yi alkawari. Ta tsaya a kan akwatin ta daɗe, ta juya ta fita.

Ranar Lahadi, da azahar, rana na dukan tsakar gida, tana daga ɗaki sai ta ji muryar Abba a sama.

"Hadiza! Me kike yi haka?"

Ta leƙo. Ga Umma da buta a hannu tana yayyafa wa ledar ruwa.

"Tausayi ya ba ni, Malam. Zafin nan ko mutum ya ji shi, balle ɗan tsiro. Kullum sai na ɗan jiƙa su in ta tafi makaranta."

"Shi ya sa biyun suka ruɓe! Ba a zuba masa ruwa a kai! A gindi ake zubawa, shi ma kaɗan. Inuwa yake so, ba wanka ba."

Ya janyo wata tsohuwar tabarma daga bayan randa, ya kafa sanda biyu, ya yi wa reshen rumfa. Ya ciro hankicinsa ya tsane ledar a hankali kamar mai goge wa jariri fuska.

Umma ta ajiye buta, ta riƙe ƙugu.

"Malam, kai da turare kake sayarwa, ina ka san wannan?"

"Tambaya na yi."

"A kasuwar Kurmi ake koyar da shi?"

"Hadiza, ki bar ni."

"Ni dai na ga jiya takalmanka sun dawo da jar laka, na ce ikon Allah, yaushe aka yi ruwa a Kurmi?"

Ya gyara zaman tabarmar, bai kalle ta ba.

"Na je sayen dashen lemo ne. Wani yaro na samu can wajen Kabuga. Bai san ni ba, ban gaya masa ko ni wane ne ba. Ya tsaya ya yi mini bayani kusan awa guda, har ya hana ni sayen wanda na zaɓa, wai saiwarsa ba ta da lafiya. Aka kira salla ya bar ni tsaye da kayansa ya tafi." Ya yi gyaran murya. "Wannan bai canja komai ba. Abin da na faɗa yana nan."

Sa'adiyya ta saki labule ta koma ciki. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Alwala ta yi ta yi nafila raka'a biyu.

* * *

Ranar Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, Baba Ado ya riga baƙi isowa. Dogo ne, mai furfura a gemu, da sandarsa, kuma shi ne waliyyin duk 'yan matan gidan. Ya zauna a soro yana shirya kalmomin ba da haƙuri.

"Yaya," in ji Malam Jibrin, "kafin mutanen su iso, shigo ciki ka shaida mana wani aure."

"Auren wa kuma?"

"Na ƙariya. Sati uku ke nan da ɗaurawa, yau za a kwance."

Baba Ado ya miƙe zumbur, sandarsa ta faɗi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A gidan nan? A gidan Inna? Jibrin, abin har ya shigo mana gida?"

"Ya shigo, Yaya. Zo ka gani da idonka."

Ya shigo yana huci. Ya tarar da Sa'adiyya a tsugune gindin itacen, Umma a gefe. Ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman ango.

Sa'adiyya ta gaishe shi. Ta kama bakin ledar ta fara warwarewa. Zagaye ɗaya, zagaye biyu. Tun safe ba ta yarda ta leƙa ba. A zagaye na ƙarshe ledar ta manne, sai da ta sa farce.

Guntun reshen yana nan zaune daram, kore shar. Inda yanka ya haɗu da yanka ya yi tabo ya rufe. Daga idonsa ɗaya wani ɗan toho ya leƙo, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Malam Jibrin ya sa yatsa ya ɗan tura shi. Bai motsa ba.

"Yaya, ka tuna yadda Inna ke kiran itacen nan?"

Baba Ado ya ƙura wa itacen ido.

"Ƙariya," ya ce. Sai ya sake faɗa, a hankali. "Ƙariya."

"Wannan reshen na wata ƙariyar ne, aka aura mata. Sana'ar yaron ke nan. Ya ɗaura, in ya kama ya kwance. Matan manya su aiko a ɗauke shi ya yi musu a lambunansu."

Baba Ado ya nemi turmi ya zauna a kai. Ya cire hula, ya mayar.

"To shi tsohon nan, me ya hana shi ya ce itace? Sai ya yi ta washe mini baki, ya fi ɗari, ya fi ɗari! Ni ina na san itace na aure?"

Umma ta juya baya, kafaɗunta na motsi.

Can sai fuskarsa ta canja. Ya sunkuyar da kai.

"Astagfirullah. Ba laifin tsoho ba ne. Na tafi ne da abin da nake so in ji, don na riga na yi wa Mikail sha'awar yarinyar nan. Da na ji rabin magana sai na kama ta na gudo. Na ɗauko ƙazafi a kan ɗan Musulmi na kawo gida da ƙafata." Ya ɗago ya dubi Sa'adiyya. "'Yata, wata guda kina kuka saboda ni, ba ki zo kin ce mini Baba ka yi kuskure ba."

"Baba, ba bakina ba ne wannan."

"Allah ya yi miki albarka. Jibrin, yaron ya zo?"

"Ai ango ba ya zuwa jin amsa, Yaya."

"Ba ya shigowa dai. Ni ma na yi samartaka. Yana nan bakin lungu yana ƙirga masu wucewa. A kira mini shi."

Haka kuwa aka yi, a bakin lungun aka same shi. Sa'adiyya ta gudu ɗaki ta tsaya bayan labule. Nazeer ya shigo bayan iyayensa, ya zube ya yi gaisuwa. Da ya ɗago ya ga Malam Jibrin sai ya yi turus.

"Baba, ashe kai ne mai lemo?"

"Ni ne. Ya kama, har ya yi sabon ganye."

Baba Ado ya kama hannunsa a gaban kowa, ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba, ya roƙe shi ya yafe masa. Nazeer ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya ce ba komai, Baba, wallahi ba komai, har sau uku. Iyayensa kuwa dariya ta hana su magana.

"To tashi ka duba mana wannan," in ji Baba Ado. "Kai ne gwani."

Nazeer ya tsuguna gaban reshen. Ya duba ta nan, ya duba ta can, ya ga dungu biyu da suka ruɓe, ya ga farar ledar a ƙasa. Ya san daga tukunyar da wannan reshe ya fito.

"Wanda ya yi wannan sabon hannu ne," ya ce. "Yankan ya ɗan karkace, ɗaurin kuma ya yi tsauri."

Sai murya ta fito daga bayan labule.

"Ya kama ko bai kama ba?"

"Ke, Auta!" in ji Umma. "A gaban surukai?"

Nazeer bai ɗago kai ba, amma murmushinsa ya tona shi.

"Ya kama," ya ce.

Bayan Babbar Salla da sati biyu aka ɗaura auren Sa'adiyya da Nazeer a ƙofar gidan Malam Jibrin. Baba Ado ne ya ba da ita, kuma da liman ya shafa fatiha sai ya ɗaga sanda ya ce wannan ba na kwancewa ba ne. Suna zaune a Kabuga, tana koyarwarta, ranar Asabar tana taya shi ɗauri, ya ce har yanzu hannunta na da tsauri. Mikail ya auri wata 'yar Ƙofar Nassarawa, kwandon fulawar robarsa yana kan firjin Umma. Malam Jibrin ya aura wa lemonsa reshe da hannunsa, sau biyu bai kama ba, a na uku ya kama. Itacen Inna kuwa yana nan kusa da randa, duk rani yana fitar da fure mai ruwan hoda, reshe ɗaya yana fitar da fari.